Farantin roba na gyaran haƙoran yara: me ke fita daga jikinsa, kuma yaya girman haɗarin?

Yaron da aka yi wa farantin gyaran haƙora yakan kwana da shi a baki, wani ma ya wuni da shi, har shekara ɗaya ko biyu. Iyaye da yawa sukan ji wani wari mai kaifi a jikinsa ranar da aka miƙa musu shi, sai hankalinsu ya tashi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi wa likitocin haƙori da masu haɗa waɗannan na'urori.

Wace irin roba ce, kuma me ake yi wa yara da ita?

Sunanta akirilik, a takardun asibiti kuma za ku ga an rubuta PMMA. Tun wajajen 1937 ake yin haƙoran roba da ita, ita ce ta maye gurbin tsohuwar robar da ake gasawa da farar wuta. Da irin wannan sinadarin ake yin simintin da ke riƙe ƙarfen ƙugu a tiyatar ƙashi, kuma da shi Harold Ridley ya yi gilashin ido na farko da aka dasa wa mutum a Landan a 1949. Ba sabon abu ba ne a jikin ɗan Adam.

A bakin yara ana samunta a farantin Hawley da ke riƙe haƙora bayan an cire wayoyin gyara, da farantin faɗaɗa muƙamuƙi mai sukuru a tsakiya, da tagwayen farantai da ke turo muƙamuƙin ƙasa gaba, da abin da ke tsare giɓi idan turmin haƙori ya fita kafin lokacin famfararsa. Akwai kuma farantin da ake yi wa jariran da aka haifa da tsagar leɓe da ganɗa. Wasu ana cire su a mayar, wasu kuma a manne suke, sai likita ne ke cire su.

In roba ce da ta riga ta bushe, me kuma zai fita daga cikinta?

Akirilik gari ne da ruwa. Garin ƙananan ƙwayoyin robar ne da aka riga aka haɗa, da ɗan sinadarin da ke kunna haɗuwar, da launi. Ruwan kuwa shi ne monoma, wanda ake kira MMA, kuma shi ne mai warin nan. Idan aka gauraya su, ƙwayoyin ruwan sai su riƙa sarƙafewa da juna suna zama dogayen sarƙoƙi, har abin ya sandare. To amma ba duka ne ke samun shiga sarƙar ba. Robar takan yi tauri ta kulle wasu a ciki kafin su kama. Waɗannan su ake kira ragowar monoma, kuma su ne mafi yawan abin da ke narkewa cikin miyau.

Bayan su akwai ƙananan abubuwa: ɗan fomaldehaid, wani sinadari mai kaifin wari, da ke samuwa idan monoma ya haɗu da iskar oksijin, da asid ɗin metakirilik, da asid ɗin benzoyik da ke fitowa daga ragowar sinadarin kunnawa, da ɗan abin da ke hanzarta bushewa a robar da ba a dafawa. A wasu kayan, musamman roba mai laushi da ake shimfiɗawa a cikin faranti, akwai sinadaran tausasa roba. Ita kanta robar da ta gama haɗuwa ba ta narkewa a baki, jiki kuma ba ya iya sarrafa ta.

Nawa ne ke fita, kuma har tsawon yaushe?

Mafi yawansa a cikin awa 24 na farko yake fita. Daga nan sai ya faɗi ƙasa sosai, ya ci gaba da raguwa kwana bayan kwana. Dalili shi ne monoman da ke kusa da saman robar shi ke fara narkewa, wanda ke can ciki kuwa tafiyarsa zuwa waje a hankali take, wani ma yakan ƙarasa haɗuwa a ciki bai fito ba. Kamar sabon fenti ne a ɗaki, warinsa a kwanakin farko yake.

Wani bincike da aka buga a 1988 ya auna miyan mutanen da suka saka farantin da aka busar ba tare da dafawa ba. An riƙa ganin monoma a miyansu har zuwa mako guda. Mafi yawan abin da faranti ɗaya ya saki a awar farko bai wuce maikirogiram 30 ba. Ba a same shi a jininsu ko fitsarinsu ba.

Don a gane ƙanƙantar wannan, maikirogiram 1,000 ne ke yin miligiram 1. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum zai iya haɗiyar miligiram 1.4 na MMA a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, tsawon rayuwa, ba tare da ana tsammanin cutarwa ba. Yaro mai kilo 30 ke nan miligiram 42 a rana. Ko da farantin ya ci gaba da sakin maikirogiram 30 kowace awa dare da rana, abin da ba ya faruwa, jimillar ba za ta kai miligiram 1 ba. Saboda haka maganar guba ta shiga jini ba ita ce abin damuwa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne fatar bakin da farantin ke kwance a kai, domin a wancan binciken yawan monoma a siririn miyan da ke tsakanin faranti da ganɗa ya ninka na sauran baki har sau 4.

Wanda yaro ya haɗiye, ina yake zuwa?

Ba ya taruwa a jiki. Akwai sinadaran narkarwa a miyau da jini da hanta da ke fasa shi cikin sauri ya koma asid ɗin metakirilik, daga nan jiki ya ƙone shi ya fitar da mafi yawansa ta numfashi a matsayin iskar kabon. Wannan ya bambanta shi da ƙarafa irin su dalma, waɗanda ke zama a ƙashi shekara da shekaru.

Me ya sa wani farantin ya fi wani wari da zafi a baki?

Amsar tana ɗakin da aka haɗa shi. Hanyoyi biyu ne manya.

Ta farko ita ce dafawa. Ana cusa kwaɓin a cikin ƙirar farar ƙasa, a ɗaure a akwatin ƙarfe, a sa a ruwa mai zafin digiri 74 a ma'aunin Selshiyos na tsawon awa 8 ko fiye, ko kuma awa 2 sannan a tafasa na awa 1. Ba a fara da tafasa, domin monoma kansa yana tafasa a wajen digiri 100, haɗuwar kuma tana ƙara nata zafin, sai robar ta cika da ƙananan ramukan iska. Idan an yi daidai, ragowar monoma takan zama ƙasa da kashi 1 cikin 100.

Ta biyu ita ce busarwa da sinadari, wadda ake kira ta sanyi, kuma da ita ake yin yawancin farantan yara. Ana ɗora wayoyi da sukuru a kan ƙirar haƙoran yaron, a barbaɗa gari, a ɗiga ruwa, a sake barbaɗawa har kaurin ya kai, ko kuma a kwaɓa a shimfiɗa. An fi son ta saboda sauri, wayoyi ba sa gocewa, kuma ana iya sa launuka da ƙyalƙyali. Illarta ita ce ragowar monoma takan kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100.

A nan ne hannun mai aiki ke nunawa. Farantin da aka yi ta hanyar sanyi ana so ya shiga tukunyar matsi, a nutse a ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 50, da matsin iska kusan 2 a ma'aunin matsi da ake kira bar, na kimanin minti 20. Matsin yana hana ramuka, ɗumin yana tura haɗuwar gaba, ruwan kuma yana tare iska daga saman robar, domin oksijin na hana samanta bushewa sosai. Wanda aka bari ya bushe a kan tebur ba tukunya shi ne mafi muni: ramuka, wari, da saurin karyewa. Haka wanda aka cika wa ruwa don kwaɓin ya yi saurin bin ƙira. Kamfanoni sukan ƙayyade awo 2.5 zuwa 3 na gari ga awo 1 na ruwa, duk ɗigon da aka ƙara a kan haka ragowa ce za ta zauna a ciki. Gyaran ƙarshe ma yana da tasiri. Gogewa da ƙyalƙyale bayan farantin na kankare wannan saman da bai bushe sosai ba, amma gefen da ke kwanciya a ganɗa ba a goge shi, don kada ya daina zama daidai. Shi ya sa ta nan ne aka fi samun matsala.

Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 20795 ya sa iyakar ragowar monoma: kashi 2.2 cikin 100 ga robar haƙoran da aka dafa, 4.5 ga ta sanyi, 5 ga robar farantan gyaran haƙora. Sai dai wannan shaida ce cewa kayan za su kai haka in an bi umarnin kamfani. Gari da ruwa masu kyau a hannun mai gaggawa ba za su ba da faranti mai kyau ba.

An ce akwai fomaldehaid. Ba shi ke jawo ciwon daji ba?

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa fomaldehaid a rukuni na 1, wato abin da aka tabbatar yana jawo ciwon daji. Hujjar ta fito ne galibi daga ma'aikatan da suka shaƙi tururinsa da yawa tsawon shekaru. Abin da faranti ke saki maikirogiram ne kaɗan, yawancinsa a farkon kwanaki, alhali jikin kowa yana ƙera fomaldehaid da kansa, har akan sami miligiram 2 zuwa 3 a kowace lita ta jini. Muhimmancinsa a nan shi ne yana cikin abubuwan da ke iya tayar da alaji, wato borin jiki, ga wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi. Shi kuwa MMA, hukumar ta sa shi a rukuni na 3, wanda ba a sami hujjar kiransa mai jawo ciwon daji ba.

To BPA da sinadaran da ake cewa suna taɓa homon, wato sinadaran da jiki ke ƙerawa don tsara girma da balaga, fa?

BPA sinadari ne da ake ƙera wasu robobi da shi, amma ba da shi ake ƙera akirilik ba. A aikin haƙori an fi danganta shi da wasu kayan cike rami masu launin haƙori, da abin shafe ramukan turame, da gam ɗin manna wayoyi, da robar folikabonet. Duk da haka an taɓa auna ɗan ƙaruwarsa a miyan masu saka farantan riƙe haƙora, kuma mafi ƙarancinsa ya fito ne daga waɗanda aka dafa. Hukumar lafiyar abinci ta Turai ta rage adadin BPA da ta yarda da shi matuƙa a 2023, don haka tambayar ba ta banza ba ce, kuma kuna da damar neman a nuna muku takardar kayan da aka yi amfani da su.

Sinadaran tausasa roba na dangin talet sun fi zama abin dubawa a roba mai laushi da ake shimfiɗawa a cikin faranti, domin ba sa ɗaure da robar, a hankali suke fita, shi ya sa ma shimfiɗar ke yin tauri bayan makonni. Yanzu akwai waɗanda ba su da shi. Dokar kayan asibiti ta Tarayyar Turai ta 2017 ta wajabta wa kamfani ya ba da hujja kuma ya rubuta a jikin kaya idan irin waɗannan sinadarai sun haura kashi 0.1 cikin 100.

An ba mu sabo yau. Me za mu yi kafin yaron ya saka?

Ku tambaya ko an jiƙa shi a ruwa bayan an gama shi. Ɗakin haɗawa mai kula yakan bar faranti a ruwa aƙalla awa 24, wasu ma su sa shi a ruwa mai digiri 55 zuwa 60 na ɗan lokaci yana kan ƙirarsa. In ba a yi ba, ko kuma yana wari sosai, ku nemi izinin likita ku jinkirta sakawa da kwana ɗaya. Ku wanke shi da sabulun ruwa da buroshi mai laushi, ku nutsar da shi a kofin ruwa mai tsafta wanda bai fi ɗumin jiki ba, ku canza ruwan sau 2 ko 3 a cikin awa 24 ɗin. Wannan ɗan aikin yana kwashe mafi girman kason abin da da a bakin yaron zai fita.

Izinin likita ya zama dole domin akwai lokacin da jinkiri ke da nasa hasara. Farantin riƙe haƙora da aka ba da ranar da aka cire wayoyi, misali, haƙoran na iya fara motsi cikin kwanaki kaɗan. Kada kuma a tafasa shi a gida da sunan fitar da guba. Zai lanƙwashe, wayoyin su saki, ya ƙi zama.

In bayan kwana 2 a ruwa har yanzu warin na hawa kai, ko kuka ga robar da fararen tabo da ƙananan ramuka, ko farce na iya shiga jikinta, ku mayar. Bai bushe yadda ya kamata ba.

Ganɗar yaron ta yi ja a ƙarƙashin farantin. Alaji ne?

Yawanci ba shi ba ne, kuma lokacin da jan ya bayyana shi ke fara nuna hanya.

Idan raɗaɗi da ɗan ja suka zo a awannin farko ko ranar farko, suna kuma raguwa kullum, wannan ƙunar sinadari ce kawai daga yawan monoma. Tana iya samun kowa, kuma jiƙa farantin a ruwa na kwana 1 ko 2 yakan kawar da ita.

Idan gyambo ne ƙarami a wuri ɗaya, daidai bakin farantin ko inda waya ke taɓa dasashi, gurzawa ce. Likita zai rage wurin cikin minti kaɗan.

Idan jan ya zo bayan makonni ko watanni, ya bi siffar farantin, ba ya ciwo sosai, wani lokaci da tsagewa a kusurwar leɓe da warin baki, to galibi fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, mai suna kandida. Gefen farantin da ba a goge ba yana da kaushi, datti na maƙalewa, miyau ba ya wanke wurin. Wannan shi ne mafi yawan abin da ake gani, kuma shi ne aka fi ɗora wa roba laifinsa alhali rashin wanki ne. Yaran da ke shaƙar maganin asma mai sitiroyid, da masu ciwon sukari, da waɗanda suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan sun fi kamuwa. Ana maganinsa da tsafta da maganin fangas, a kuma tsaftace farantin kansa, in ba haka ba ya dawo.

Alaji na gaskiya yana da nasa salo. Yakan ɗauki awa 24 zuwa 72 kafin ya fito, da ja mai ƙarfi da ƙuna ko ƙaiƙayi duk inda robar ta taɓa, har da harshe da cikin kumatu, wani lokaci leɓe ya kumbura ko ƙuraje su fito a fatar kewayen baki. In an cire farantin ya lafa cikin kwanaki, in an mayar ya dawo, kuma ba ya jin jiƙawa sosai, domin jikin da ya riga ya ƙi abu ɗan kaɗan ma ya ishe shi. Ba kasafai ake ganinsa a yara ba. Waɗanda suka fi fama da shi su ne masu haɗa farantan, domin ɗanyen monoma yana ratsa safar hannu ta roba cikin mintuna. Sai kuma masu saka farcen roba da jan farcen da ake busarwa da fitila, waɗanda danginsu ɗaya da akirilik. In yarinya ta taɓa samun ƙuraje ko ɓawon fata a yatsu bayan an yi mata irin wannan farce, a faɗa wa likita tun kafin a ɗauki awon baki.

Kumburin harshe ko maƙogwaro, shaƙewar murya, ko wahalar numfashi ba abin jira ba ne. A cire farantin in mai ciruwa ne, a tafi sashen gaggawa nan take. Irin wannan ya fi zuwa daga robar safar hannu ko maganin wanke baki da na wanke faranti fiye da akirilik.

Yaya ake tabbatar da alajin, kuma shi ke nan an fasa gyaran?

Likitan fata ne ke yin gwajin manne. Ana liƙa ƙananan faifai a bayan yaro, kowanne da sinadari ɗaya, MMA yawanci a ƙarfin kashi 2 cikin 100, tare da danginsa da fomaldehaid da nikel. Ana cirewa bayan awa 48, a sake dubawa a kwana na 3 ko na 4. Kada a gwada a gida da ruwan monoma, domin hakan kansa na iya haddasa alajin da babu shi.

Ba a fasa gyara. Ana iya sake yin farantin ta hanyar doguwar dafawa, ko a sassaƙo shi da inji daga dunƙulen akirilik da kamfani ya riga ya gasa, wanda ragowarsa kaɗan ce ƙwarai. Ga wanda alajinsa ya yi ƙarfi akwai faifan roba garai-garai da ake gasawa a matse a kan ƙira, wanda ba akirilik ba ne, akwai kuma na'urorin ƙarfe zalla, ko siririyar waya da ake mannawa a bayan haƙora. Robar da ake busarwa da haske ba ta da MMA, amma tana da danginsa, don haka sai an duba sakamakon gwajin kafin a zaɓe ta.

Wayoyin jikinsa fa?

Yawancinsu ƙarfe ne mara tsatsa mai kuromiyam kusan kashi 18 da nikel kusan kashi 8, kaurin masu riƙe turame milimita 0.7. Alajin nikel ya fi na akirilik yawa nesa ba kusa ba, amma fatar baki ta fi fatar jiki haƙuri da shi, kuma da yawa daga masu ƙuraje saboda ɗan kunne suna saka wayar ba matsala. Wurin da ya fi sakin ƙarfe shi ne inda aka yi walda da azurfa, musamman in ana jiƙa shi a abin da ke cin ƙarfe. Ga mai tsananin alaji akwai wayar taitaniyam da ƙarfen da ba nikel.

Jariri mai tsagar ganɗa zai saka nasa tun yana ɗan kwanaki. Ba a yi ganganci ba?

Lissafin ya fi matsewa a nan, domin jariri mai kilo 3.5 iyakarsa a wancan ma'auni na hukumar kare muhalli ta Amurka kusan miligiram 5 ne na MMA a rana. Har yanzu abin da ƙaramin faranti ke saki bai kusanci haka ba. Amma fatar bakinsa siririya ce, yana sanye da shi kusan kullum, kuma ana yi masa ƙari da ragi kusan kowane mako. A ganinmu nan ne ya fi cancanta a nace a kan dafaffen akirilik ko sassaƙaƙƙe, a jiƙa shi sosai, a kuma tambayi irin roba mai laushin da ake ƙarawa. Duk ƙarin da za a yi a wajen baki ake yinsa, ya bushe, a wanke, sannan a mayar.

Wane irin wanki ne ke ƙara fitar sinadari?

Zafi da alkohol. Ruwan zafi yana sassauta robar ya kuma lanƙwasa ta. Sifirit da ruwan kurkure baki mai alkohol suna shiga jikinta, su janyo abin da ke ciki, su bar ƙananan tsage-tsage. Bilic yana cin waya da walda, ya kuma kashe launi. Man goge baki yana karce ta, karcen kuma gidan datti ne.

Abin da ya wadatar shi ne buroshi na daban mai laushi, sabulun ruwa, da ruwan sanyi, sau 2 a rana, a mai da hankali ga gefen ganɗa da kewayen sukuru. A wanke a kan kwano mai ruwa, domin faɗuwa a kan siminti ko tayil ce ke fasa yawancinsu. Farin dutsen da ke taruwa yana narkewa a farar binega da aka haɗa da ruwa rabi da rabi na minti 15 zuwa 20. Ƙwayoyin wanki masu kumfa suna aiki, amma a bi lokacin da aka rubuta, a ɗauraye sosai, a kuma ɓoye su daga yara domin sun yi kama da alewa. Da yawansu na ɗauke da wani sinadarin wanki mai suna fasalfet, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2008 saboda alaji. A cire farantin lokacin shan abu mai zafi ko lemon kwalba, sai in likita ya ce a ci abinci da shi.

Ya tsage. Za mu iya manne shi?

A'a. Gam mai saurin kamawa ba don baki aka yi shi ba, yana rugujewa a miyau yana sakin fomaldehaid, kuma ba ya riƙewa. Garin akirilik da ruwansa da ake sayarwa a intanet, ko na masu gyaran farce, sun fi haɗari, domin ɗanyen monoma a fatar baki shi ne hanya mafi sauri ta jawo wa yaro alajin da zai bi shi har girma, ya hana shi wasu kayan cike haƙori nan gaba.

Haɗarin fasasshen faranti ma ya fi na sinadaransa. Gutsuren zai iya shaƙe yaro a barci, kuma akirilik ba ya fitowa sosai a hoton eksire, sai in da waya a jikinsa. In yaro ya haɗiyi gutsure yana tari ko numfashinsa ya canza, a kai shi asibiti a kuma faɗa musu cewa roba ce. A daina saka tsagaggen, a kai shi da duk gutsattsarinsa. Bayan gyara, wurin da aka cike sabuwar roba ce, sai a sake jiƙa shi awa 24.

Waɗanda ake bugawa da injin 3D sun fi aminci?

Ba lallai ba. Ruwan da injin ke amfani da shi dangin akirilik ne da haske ke busarwa, kuma abin yana fitowa daga injin da danƙon ɗanyen ruwa a jikinsa. Dole a wanke shi a alkohol na musamman, a busar, a sake gasa shi a akwatin haske na tsawon lokacin da kamfani ya faɗa. In an yi haka daidai yana da kyau. In an gajarta, zai iya fin na hannu sakin sinadari. Alamar ita ce danƙo ko santsi a jikinsa da ɗaci a baki.

Me ya kamata mu tambayi likita kafin a fara?

Ku fara da faɗa masa duk alajin da yaron ke da shi: ƙuraje daga filasta, ɗan kunne, maɓallin wando, farcen roba, ko safar hannu. Sannan ku tambayi sunan kayan da kamfaninsu, ko dafawa za a yi ko ta sanyi, in ta sanyi ce ko akwai tukunyar matsi, da ko za a jiƙa shi kafin a ba ku. Likita mai aiki da ɗakin haɗawa na kirki ba zai ji haushin waɗannan ba. Ku tambayi kuma awa nawa za a saka a rana, da abin da za ku yi in baki ya yi ja a ranar da asibiti ke rufe. Ga mai ciruwa, amsar yawanci ita ce a cire, a ɗauki hoton wurin da waya, a sa farantin a ruwa, a zo cikin kwana 1 ko 2. Barinsa a aljihun tebur na makonni shi ke ɓata aikin, domin haƙora za su koma, farantin ya ƙi shiga. Wanda aka manne kuwa kada a taɓa shi a gida.

Tsohon faranti yana ƙara sakin guba yayin da yake tsufa?

Ta fuskar monoma, tsoho ya fi sabo sauƙi, domin abin da zai fita ya riga ya fita. Matsalarsa ta daban ce: ya karce, ya sha ruwa da launi, fangas ya zauna a ramukansa, wayoyi sun gaji. Bakin yaro kuma yana girma, sabbin haƙora na fitowa, farantin da ya zauna daidai bara yana iya danne dasashi bana. Idan wari ya ƙi fita da wanki, ko walda ta yi baƙi tana ɓarewa, ko yaron ya fara cije shi don ya zauna, lokacin sabo ya yi. Kuma ba a ba ƙane farantin yayansa, ko da haƙoransu sun yi kama.